Don Allah mu daina dasa wa gatari icce



Damina ta kama hanya, 3 ga Agusta na tafe, kuma na san abin da za ya faru don kowace shekara shi ke faruwa. Za a sauko da ƴan itatuwa cikin leda daga fefinyar, a gina ramu a jere bakin gudron, babban mutum ya duƙa da farar shadda ya tura ƙasa, a zuba ruwa, a tafa, a ɗauki hoto. Ba wanda za ya ɗaga kai ya dubi abin da ke bisa ramin, ba wanda za ya tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. To ni zan faɗa tun ba a gina ramun ba: duk wanda ya sa dogon yaro ƙarƙashin wayar kuran ko bisa tiyon ruwa, gatari ya dasa wa. Shekara biyar, shida, za a zo a sare, kuma ranar ba za a gayyaci mai hoto ba.

Ba sai kun yarda da ni ba. Ku fita da marece ku bi hanyar da kunka ga dama cikin garin nan, ku dubi gefen da poto yake. Za ku ga itatuwa an datse masu kai, wasu an yi masu askin gefe guda sun karkata kamar za su faɗa wa katangar mutane, wasu kututture kaɗai ya rage awaki na goga jiki. Sannan ku waiga ɗaya gefen, inda babu waya. Iri guda ne, wataƙila ma rana guda anka dasa su, amma can ne masu shayi da masu gyaran babur sunka samu inuwa. Abin da ya raba su taku goma ne da wani bai yi ba ranar dashe.

Mu fara da sama. Ɗan dogon yaron da ake dasawa bai wuce gwiwa ba, shi ya sa ake raina shi. Amma icce ne da ke kai metir 15 har 20 in ya samu ƙasa da ruwa. Turare ya fi shi miƙewa, gawo ma ba a magana. Wayar da ke bin unguwanninmu kuwa da ƙyar take kai rabin wanga tsawo. Ke nan ba wai ko za su haɗu ba ne, lokaci kawai ake jira.

Kuma wayar iri biyu ce. Akwai baƙar nan murɗaɗɗiya mai riga, wadda ke kawo 220 cikin gidaje. Ita reshe goga ta yake yi yau da gobe har rigar ta cinye, ko ya karye ya faɗo mata ya tsinke ta. Akwai kuma guda ukun nan tsirara da ke can ƙololuwar poto, masu zuwa taransfo. Su abin da ke cikinsu dubbai ne. Ɗanyen reshe na taɓa su kuran ya samu hanya zuwa ƙasa, na'urar tsaro ta yanke layin gaba ɗaya. Kai da ka dasa iccen kana ganin ƙofar gidanka ce, alhali mai injin niƙa, mai walda, tela, mai saida ƙanƙara, firigon da anka aje allurar rigakafin yara, da matar da ke naƙuda cikin dare, duka kan wanga layi suke.

Ga kuma lokacin da abin ke zaɓa. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake yi. Cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da rana ke dukan waya kuma kowane gida ya kunna fanka, wayar na saki ta sauko ƙasa kaɗan. Daga nan sai iskar farkon damina, wadda kowa ya san yadda take tasowa daga gabas da jan ƙura, ta kaɗa rassa. Daren da munka fi bukatar kuran, daren ne icce da waya ke gaisawa.

Wanga duka dukiya ce, ana iya maida ta. Rai fa? Ɗanyen icce ruwa ne cikinsa, ruwa kuwa hanyar kuran ce. Wa ke hawan itatuwan bakin hanya? Ɗiyanmu. Yaron da anka aika ya saro wa ragon layya ganye, almajirin da ke neman asuwaki, makiyayin da ya ɗaga doguwar sanda zai kaɗo wa bisashe ƴaƴan gawo. Babbar waya ba ta jiran a taɓa ta, in an kusance ta da yawa tsallakowa wutar ke yi. In abin ya faru sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ramin hannun mutum ya gina shi.

Mu sauko ƙasa, inda ido ba ya gani. Saiwa ruwa take bi, kuma cikin ƙasa irin tamu da ke shekara tana ƙishi, ina ta fi jin ƙanshin ruwa in ba wurin tiyo ba? Lafiyayyen tiyo ba ta cika fasa shi ba. Mahaɗa take nema, ko ɗan wurin da ke zufa, ta naɗe shi, ta yi kauri, ta ture shi har ƙaramin tsagi ya zama babba. Ranar da iska ta tumɓuke iccen kuwa, da tiyon yake tashi. Sannan ku tuna yadda ake ɗauke muna ruwa. Muddin tiyo na cike, ruwa waje yake fita ta tsagin. Da an ɗauke, tiyon ya zama fanko, abin da ke kewaye da shi ke shiga ciki: ruwan kwata, ruwan wanka, abin da ya tsiyayo daga masai. In ruwa ya dawo, shi za ya fara isa tulunki, uwar gida.

Kuma ruwan Adar ba ruwan banza ba ne. Wurare da yawa sai foraj ya nutsa ɗaruruwan metir kafin a same shi, sannan inji ya turo shi cikin shato. Inda injin da kuran yake aiki, reshen da ya ɗauke wuta ya ɗauke ruwa ke nan. Icce guda, ɓarna biyu. In masu gyara sunka zo tonon tiyo sunka tarar da kututture zaune bisa kansa, mi kuke so su yi? Sarewa za su yi, mai iccen ya fito yana faɗa, unguwa ta kwana uku tana sayen ruwan garuwa.

Kada wani ya ce wagga matsala ta talakawan ƙasa ce. Ranar 14 ga Agustan 2003, mutane wajen miliyan 50 sunka rasa wuta a Amurka da Kanada, har da birnin New York. Cikin manyan dalilan da bincike ya gano akwai manyan wayoyi a jihar Ohayo da sunka yi zafi, sunka saki, sunka taɓa itatuwan da ba a rage ba. Ba a yi wata biyu ba, ranar 28 ga Satumba, wuta ta tsallaka daga babbar waya zuwa wani icce a ƙasar Suwis, kusan Italiya duka ta kwana cikin duhu. In reshe na iya durƙusar da masu tashoshi barkatai, ina ga mu da ke can wutsiyar layi?

Don mu nan kuran tafiya yake yi kafin ya iso mu. Wani daga Najeriya yake shigowa ta Katsina, ya biyo Maradi da Malbaza. Tashar hasken rana ta Malbaza da anka buɗe a 2018 megawat 7 ce. Kuma ba wanda ya manta abin da munka gani tun daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layinta, har zuwa Maris na 2024. Ban ce duk ɗaukewar wuta laifin icce ba ne, ko kusa. Akwai ƙarancin wutar kanta, akwai tsufan kayan aiki, kuma waɗannan muna faɗarsu a rediyo ba tare da tsoro ba. Amma cikin dalilan duka, wanga ne guda da ke hannunmu, wanda ba ya bukatar miliyoyi ko taron ƙasashe. Ɗaga kai kawai yake bukata.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini shi a waya cikin shiri: ƙasa na zama hamada, kai kuma kana hana dashe. Haba jama'a. Ba-Adare za a koya wa darajar icce? A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE sunka jera dogon yaro layi bibbiyu don tare iska, har gonakin da rairayi ke binnewa sunka dawo ba da hatsi. A Keita, daga 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, mata sunka ɗauki duwatsu a ka, sunka gina ramu bisa tsaunuka, anka dasa miliyoyin itatuwa. Mi ya sa waɗannan ayyuka sunka tsaya da ƙafafunsu? Don kafin a gina rami an zauna an duba: daga ina iska ke zuwa, ina ruwa ke gangarawa, wane icce ya dace da wane wuri. Dogon yaron Majiya da na ƙarƙashin waya iri guda ne. Ɗaya an yi masa tunani, ɗaya an yi masa hoto.

Kuma wanda ya san arewa ya san abin da icce guda ke ci kafin ya zama icce. A Takanamat, inda gona ke ƙarewa daji na makiyaya ya fara, damina gajera ce, wata shekara ma ta yi gardama. Ɗan iccen da anka dasa sai an ɗauko masa ruwa a bido bisa jaki tsawon rani, daga ruwan da gida ke sha. Sai an kewaye shi da ƙaya ko giriyaji don awaki, in ya ɗan tasa kuma raƙumi ya miƙo wuya. Yarinyar da ta shekara biyar tana ba shi ruwa kafin ta tafi lakwal, ita za ka dubi idonta ka ce mata a sare don wuri ne na waya? Wanda ke son icce da gaske shi ya kamata ya fi kowa jin zafin wagga asara. Malamai na gaya muna dashen icce sadaka ce mai gudana. To a aje sadakar inda za ta daɗe tana gudana, kuma inda ba za ta cuci maƙwabci ba.

Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, ake dashen icce ranar 3 ga Agusta a ƙasar nan. Shekara 50 ke nan da ɗoriya. Da rabin abin da anka dasa ya rayu, da yanzu ana ɓata cikin kurmi tsakanin Tawa da Takanamat. Kowace shekara ana gaya muna nawa anka dasa. Yaushe anka taɓa tara mu anka ce ga nawa sunka rayu cikin na shekara biyar da ta wuce?

To laifin wa? Kowa ya ɗauki nasa.

Na farko, masu dashen hoto: ƙungiyoyi, fadodin matasa, ƴan siyasa da masu neman a san da su. Bakin gudron suke so don nan ne ake gani. Bakin gudron kuwa nan ne poto, nan ne tiyo, nan ne wayar sadarwa da anka binne. Filin lakwal da yara ke cin rana tsakar sa babu ko icce guda, amma ba shi da daɗin hoto.

Na biyu, meri, ko magajin gari ke riƙe da ita ko wakilin da anka naɗa. Ita ke yanka filaye, ita ta san faɗin kowace hanya. Tun bikin Tawa Sakola na Disamban 2017 garin nan ya samu sababbin hanyoyi da fitilu, kuma sababbin unguwanni sai ƙaruwa suke ta kowace kusurwa. Mi za ya hana a ce tun ranar yanka fili: wanga gefe na poto da tiyo ne, wancan na itatuwa? Magana ce ta layi guda bisa takarda. In mai gida ya karɓi takardar filinsa, a gaya masa inda za ya dasa da inda ba za ya dasa ba. Yanzu kuwa kowa na fitowa da katanga, ya ƙara rumfa, ya ci rabin hanya, sannan ya dasa icce cikin ɗan abin da ya rage, daidai inda layi za ya bi.

Na uku, masu waya da masu tiyo. NIGELEC ta san inda layukanta ke bi. Kamfanin ruwa, wanda har yanzu bakinmu ya saba kira SEEN ko da yake NDE ta karɓi aikin tun farkon 2024, ya san inda tiyonsa yake. A ƙauyuka mai kula da shato ya sani. Talaka ne bai sani ba, kuma ba a hukunta mutum kan abin da anka binne ba a nuna masa ba. A kafa alama bisa hanyar manyan tiyo. A shigo rediyo kafin damina a yi bayani da Hausa da Tamajak da Fulatanci. In lokacin rage rassa ya yi, a sanar da unguwa, a zo da ma'aikacin gandun daji, a yanka yadda iccen za ya warke. Datse kai da adda ba gyara ba ne: iccen da anka yi wa haka tohuwa yake yi da rassa masu yawa marasa ƙarfi, su miƙe tsaye su koma cikin wayar, bara waccan a sake dawowa.

Na huɗu, masu fakewa da waya su ci icce. Mun san su. Reshe guda ne ya kusanci layi, amma kafin marece amalanke uku sun cika da itacen girki. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, ba a sare shi sai da izinin gandun daji. Kada maganata ta zama lasisin kowa.

Akwai kuma masu cewa: iccenmu ya riga waya zuwa. Wannan gaskiya ce a wurare da yawa, kuma ina tare da su. Gawon da kakanni sunka yi fada ƙarƙashinsa, kurnar da ke ƙofar masallaci tun ba a san poto ba, ba daidai ba ne a wayi gari a daddatse su don wani ya ja layi da biro cikin biro. Shi ya sa nake kira ga garuruwan arewa da ke jiran layin kuran ko ƙarin tiyo: kada ku jira sai motar poto ta sauke kaya. Hakimi, maigari, limamai, mata da matasa su nemi a zauna da masu aikin, a taka hanyar da ƙafa, a ce wanga icce a kauce masa, wancan in ba makawa a biya mai shi kuma a dasa wasu a madadinsa. Karkata layi taku kaɗan ya fi sauƙi bisa takarda da bayan an zuba siminti. Tun ran gini ran zane.

Ga abin da nake roƙon kowa bana, kuma ba ya cin ko dala. Kafin ka sa diga, ɗaga kai. In ka ga waya, to wurin ba na dogon yaro ba ne, ba na turare ko gawo ko mangwaro ba. Ka ja baya aƙalla metir 10 daga ƙarƙashinta, ko ka tsallaka ɗaya gefen hanya. Sannan ka dubi inda kontar ruwanka take da inda tiyon ya shigo gida, ka tambayi tsofaffin unguwa inda anka tona babban tiyo, ka bar masa ko da metir 3. In hanyarku ƙunci gare ta, sa babban iccen tsakar gida, nesa da masai da gindin katanga.

In kuma dole kana son kore a ƙofar gida, akwai masu ladabi: lalle, rumman, lemun tsami, fulawa, ko zogalar da kullum ana yanke mata kai ana ci. Su ma ba bisa tiyo ba. Ƙarƙashin manyan layukan nan masu dogayen ƙarafa da ke ratsa daji kuwa, a bar wa ciyawa da sabara da gero, kada a yi gini, kada a sa icce mai tashi.

Wanda ya riga ya dasa bara ko bara waccan, bai makara ba. Cikin damina, sa'ad da ƙasa ta jiƙa, ana iya tono ɗan icce da ƙasarsa a maida shi wuri mai kyau ya kama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda nasa ya riga ya shiga waya, don girman Allah kada ya hau da kansa, kada ya aika yaro. A kira masu layin su yanke wuta tukuna.

Ku kuma masu shirya bikin bana, ga wuraren da ke kukan inuwa: filayen lakwal, harabar asibitoci inda mata ke jiran awo cikin rana, maƙabartu, tashoshin mota, kasuwar bisashe, filin idi, bakin tabkuna da gangaren da ruwa ke ci. Ku dasa ɗari a can, ku sa sunan wanda za ya ba su ruwa, ku dawo 3 ga Agustan baɗi ku ƙirga a gaban jama'a. Ranar ku kira mu, da makirfo za mu zo.

Mai unguwar da ya san inda icce ya rungumi waya, ko inda ƙasa ke jiƙe kullum gindin icce ba ruwan sama, ya sanar da masu aikin tun iska ba ta taso ba, mu ma ya faɗa muna mu maimaita a shiri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare muna ɗiyanmu.